Mugun Hadari a Yankin Sahel: Yanayin Sararin Sama da ke Haifar da Shi da Hatsarin da ke Tattare da Shi

Tsakure

Mafi yawan ruwan da ake noma da shi a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar, babban hadarin nan mai tasowa daga gabas ne ke kawo shi. Shi ne kuma ke yaye rufin gidaje, ya kayar da katangu, ya cika unguwanni da ruwa, ya hallaka mutane da dabbobi da aradu. Wannan takarda ta bi diddigin yanayin sararin sama da ke haifar da irin wannan hadari, wato danshin iskar damina, da zafin ƙasa, da busasshiyar iskar Sahara da ke bisa, da saɓanin da ke tsakanin iskar ƙasa da ta sama. Ta kawo sakamakon binciken da ya nuna cewa hadari mafi tsanani ya ninka sau uku tun daga 1982, sannan ta fayyace nau'o'in ɓarnarsa. Matsayar takardar ita ce, hadarin Sahel yana daɗewa a hanya kuma ana ganinsa tun daga nesa, don haka za a iya rage asarar rayuka ƙwarai in gargaɗi ya isa ga jama'a cikin harshensu sa'o'i kaɗan kafin isowarsa, aka kuma gyara yadda ake rufi da fitar da ruwa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda abin yake zuwa. Rana ta yini tana ƙuna, gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Can wajen la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin, jar ƙura ta turnuƙe a gabanta. Mata su hau kwashe shanya, 'yan kasuwa su hau naɗe kaya, makiyaya su kaɗo dabbobi. Sai iska mai sanyi ta bugo da ƙarfi, kwanon rufi ya hau ƙara, bayan 'yan mintoci sama ta kece da ruwa da tsawa. Kafin awa guda ta cika ƙarfin ruwan ya ragu, ya koma yayyafi mai daɗewa, da cida daga nesa.

Wannan tsari da manomi ya haddace shi ne ainihin abin da masana yanayi ke kira gungun hadari mai tsari, wato gajimare masu tsawa da suka jeru a sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiya tare daga gabas zuwa yamma. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam da ma'aunan ruwa a yankin Yamai ya nuna cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan Sahel daga irin wannan gungu yake fitowa. Ke nan abincinmu da hatsarinmu tushensu ɗaya.

Takardar ta dogara ne da sakamakon binciken da aka riga aka wallafa, musamman na shirin nazarin daminar Afirka ta Yamma da aka sani da AMMA, wanda ya yi gagarumin aikin awo a 2006, inda aka girke na'urar rada a Yamai, aka kuma yawaita sakin balan-balan ɗin awon iska a faɗin yankin. Tambayoyin da takardar ke son amsawa uku ne. Me ke haɗa wannan hadari? Me ya sa yake ƙara tsanani? Ta yaya sanin haka zai kare rayuka?

2.0 Fagen da Hadarin ke Haɗuwa

Iskoki biyu ne ke mulkin Afirka ta Yamma. Ɗaya tana busowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya mai ƙura. Ita ce ke kawo hunturu. Ɗayar tana tasowa daga Tekun Gini a kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Ita ce iskar damina. Layin da suke karo a doron ƙasa, wanda za mu kira magamar iskoki, ba ya zama wuri guda. A Janairu yana can kusa da gaɓar teku. Da bazara ta kama, Sahara ta ɗau zafi, iskar da ke kanta ta yi sauƙi, sai ta riƙa janyo iskar teku zuwa arewa. Zuwa Agusta magamar takan wuce Agadas da Arlit, sannan ta juyo kudu a Satumba da Oktoba.

Abin lura a nan shi ne yadda iskokin biyu ke hawa kan juna. Iskar damina ta fi sanyi da nauyi, don haka sai ta kutsa ta ƙasa. A Sahel kaurinta bai cika wuce kilomita 1 zuwa 2 ba, kuma tana ƙara sirancewa in aka yi arewa. A kanta kuwa iskar Sahara ce kwance, mai zafi da bushewa. Wannan ne ya sa ba a samun ruwan kirki a daidai magamar, sai an yi ɗaruruwan kilomita kudu da ita, inda danshin ya yi kauri.

Bambancin zafi tsakanin Sahara da bakin teku yana haifar da abu na uku: wani zirin iska mai gudu daga gabas zuwa yamma, a tsayin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, da saurin da yakan kai kilomita 45 zuwa 55 a awa. A Agusta tsakiyarsa na kan layin digiri 15 arewa da ikwaita, wato daidai su Tawa. Wannan ziri shi ne ke tuƙa hadari zuwa yamma, shi ya sa hadarinmu daga gabas yake fitowa alhali danshinsa daga kudu maso yamma ya zo.

3.0 Sharuɗɗan Haɗuwar Mugun Hadari

3.1 Danshi

Tururin ruwa shi ne makamashin hadari. Kowane kilogiram na tururi, in ya koma ɗigon ruwa a cikin gajimare, yakan saki zafin da ya kai jul miliyan 2.5. Wannan zafi ne ke ƙara wa iskar da ke hawa sauƙi, ta ci gaba da hawa. Iska mai ɗumi kuma ta fi iya ɗaukar tururi: duk ƙarin digiri 1 a ma'aunin Salshiyos yana ƙara mata ikon ɗaukar kusan kashi 7 cikin 100. Gumin da ke damun mutum ranar da hadari zai haɗu shaida ce cewa iskar ƙasa ta ƙoshi da danshi.

3.2 Ƙarfin hawa da murfin da ke danne shi

Iskar da ta bar ƙasa tana hawa takan yi sanyi da kimanin digiri 10 a kowace kilomita. In ta kai inda tururinta ya fara zama gajimare, saurin sanyinta yakan ragu zuwa wajen digiri 6 ko ƙasa da haka, saboda zafin da ake saki a cikinta. Muddin ta fi iskar da ke kewaye da ita ɗumi, za ta ci gaba da hawa da kanta. Masana na lissafa jimillar wannan ƙarfi daga awon balan-balan, kuma a daminar Sahel ba abin mamaki ba ne a same shi ya kai jul 2,000 zuwa 3,000 a kowane kilogiram na iska. Irin wannan ƙarfi na iya cilla gajimare zuwa tsayin kilomita 15 ko fiye, inda sanyi ke kai digiri 70 ƙasa da sifiri.

To amma me ya sa ba kullum ake hadari ba, alhali ƙarfin na nan kusan kullum? Dalili shi ne iskar Sahara mai zafi da ke kwance a bisa. Iskar ƙasa in ta fara hawa sai ta iske wadda ta fi ta ɗumi, ta kasa wucewa. Lamarin kamar tukunya ce a kan murhu an danne murfinta: muddin murfin na nan, zafi da tururi sai taruwa suke yi, ranar da ya ɗaga kuwa abin da ke ciki da ƙarfi zai fito. Wannan ne ya sa a Sahel akan yi kwanaki ba ɗigo, sannan a samu hadari ɗaya mai tsanani, maimakon ƙananan ruwa na kullum irin na bakin teku.

3.3 Abin da ke tunzura shi

Dole a samu abin da zai tura iskar ƙasa ta huda murfin. Na farko shi ne zafin rana, shi ya sa yawancin hadari tsakanin azahar da magariba yake haihuwa. Na biyu tsaunuka, domin gangarensu na ɗaukar zafi su tura iska sama. Tsaunukan Jos, da duwatsun Azbin, da tsaunukan Kamaru, da Jabal Marra a Darfur, da tsaunukan Habasha, duk sanannun wuraren haihuwar hadari ne a hotunan tauraron ɗan'adam. Na uku wasu kaɗe-kaɗen iska ne da ke bin zirin gabas, suna ratsa yankin duk bayan kwana 3 zuwa 5, suna sauƙaƙa hawan iska a wani ɓangare nasu, suna danne shi a wani. Su ne kuma in sun fita Tekun Atlantika sukan zama tushen yawancin manyan guguwowin da ke afka wa tsibiran Karebiyan da Amurka.

Na huɗu shi ne ƙasar da muke takawa. In ruwa ya sauka a wani yanki jiya ya bar maƙwabcinsa a bushe, yau busasshen wurin zai fi zafi, sai iska mai sanyi ta riƙa kwararowa daga jiƙaƙƙen wuri zuwa busasshen, ta ɗaga iskar da ta tarar. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 ya nuna cewa yiwuwar haihuwar hadari takan ninka sau biyu a irin wannan iyaka ta jiƙa da bushewa, mai faɗin kilomita 10 zuwa 40. Ma'anar wannan ita ce ruwan jiya yana da hannu a inda hadarin yau zai tashi.

3.4 Saɓanin iska

Wannan shi ne sharaɗin da ke raba hadarin da zai mutu cikin awa guda da wanda zai kwana yana tafiya. In iska ɗaya ce daga ƙasa har sama, gajimare yakan miƙe tsaye, ruwansa ya zubo ta hanyar da iskar ke hawa, ya kashe kansa da kansa. A Sahel kuwa iskar ƙasa daga kudu maso yamma take, ta sama kuma daga gabas, da gudu. Wannan saɓani yana karkatar da gajimaren, ya raba hanyar hawa da hanyar saukowa. Iska mai danshi na shiga ta gaba tana hawa, ruwa na zuba ta baya, babu mai tare wa wani hanya. Gwargwadon ƙarfin saɓanin, gwargwadon tsarin hadarin da tsawon ransa.

3.5 Busasshiyar iska da goshin hadari

Iskar Sahara da ta hana hadari tashi da fari, ita ce kuma ke ƙara masa mugunta in ya tashi. Ruwan da ke faɗowa ta cikinta yakan koma tururi, wannan kuma yana sanyaya iskar ƙwarai, ta yi nauyi, ta rikito ƙasa da gudu. In ta daki ƙasa sai ta bazu gaba, tana kwasar ƙura da yashi. Ita ce iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa, wadda cikin mintoci kaɗan takan saukar da zafin gari da digiri da yawa. Goshin wannan iska yana kutsawa ƙarƙashin iskar damina da ke gabansa, ya ɗaga ta da ƙarfi, sabon gajimare ya haihu. Da haka hadarin ke sabunta kansa a hanya, ko da rana ta faɗi.

4.0 Tafiyar Hadari da Bambancin Lokuta

Gungun hadari da ya cika sharuɗɗan nan yakan yi tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, ya rayu fiye da sa'o'i 12, wani ma ya wuce kwana guda. Shi ya sa a Yamai yawancin ruwa cikin dare zuwa asuba yake sauka: hadarin da aka haifa da yamma can gabas sai lokacin yake isowa. Wannan gudu yana da muhimmanci ga batun gargaɗi. Daga Haɗeja zuwa Kano a miƙe kimanin kilomita 170 ne, wato tafiyar sa'o'i 3 ga hadari. Daga Damagaram zuwa Maraɗi kimanin kilomita 200 ne, wato wajen sa'o'i 4.

Halin hadari kuma yana canzawa da lokaci. A farkon damina, Mayu da Yuni, iskar da ke ƙarƙashin gajimare tana da zafi da bushewa, ƙasa kuma tsirara take, don haka iska da ƙura sun fi tsanani, wani lokaci ma ruwan yakan ƙare tun bai iso ƙasa ba. A Agusta, lokacin marka, danshi ya yi kauri, iskar ta lafa, ruwan ne ke yawa, ƙasa kuma ta riga ta sha ta ƙoshi. A ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, da iskar damina ta fara ja da baya, iska mai ƙarfi takan dawo, har da holoƙo, a daidai lokacin da dawa ta yi tsawo ta ɗau kai. Saboda haka kowane ɓangare na damina da irin hatsarinsa, kuma bai kamata gargaɗin Yuni ya zama ɗaya da na Agusta ba.

5.0 Ƙaruwar Tsananin Hadari

Bayan farin shekarun 1970 da 1980, ruwan Sahel ya ɗan farfaɗo daga shekarun 1990. Sai dai ma'aunan ruwa sun nuna cewa bai dawo da halinsa na dā ba: kwanakin ruwa ba su koma yadda suke ba, amma ruwan da ke sauka a rana guda ya ƙaru.

A 2017 mujallar Nature ta wallafa binciken Taylor da abokan aikinsa, waɗanda suka bi hotunan tauraron Meteosat na shekara 35, daga 1982 zuwa 2016. Sun ƙirga gungun hadari masu faɗin fiye da murabba'in kilomita 25,000 waɗanda sanyin samansu ya zarce digiri 70 ƙasa da sifiri, suka iske yawansu ya ninka sau uku. Bayanin da suka bayar ya dace da abin da aka zayyana a sama. Sahara na ƙara zafi da sauri fiye da yankunan da ke kudu da ita. Wannan ya ƙara bambancin zafi tsakanin arewa da kudu, ya ƙarfafa saɓanin iska, ya kuma ƙara bushewar iskar da ke tsakiyar sama. Wato sharuɗɗa biyun da suka fi ƙara wa hadari tsanani su ne ke ƙaruwa. Tun da ɗumamar Sahara na da alaƙa da ɗumamar duniya baki ɗaya, babu dalilin zaton abin zai lafa nan kusa.

A doron ƙasa ma an samu sauyi. Sare itatuwa da gajiyar ƙasa sun sa fuskar ƙasa ta yi tauri a wurare da yawa, ruwa ba ya nutsewa, sai ya gangara. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa rafukan da ke zuba cikin Kogin Kwara ta wajen Burkina Faso, kamar Sirba da Gorouol, suke kawo ruwa mai yawa cikin damina, har kogin ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai a Satumban 2020.

6.0 Nau'o'in Hatsarin

6.1 Iska

Ƙarfin da iska ke dukan gini da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: in gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa. Iskar da ke wucewa ta saman rufi kuma tsotsar sa take yi zuwa sama, in ta samu shiga ɗaki ta taga ko ƙofa sai ta ƙara tura shi daga ciki. A gidaje da yawa an kafa kwano a kan katako da ƙusa, katakon kuwa an ɗora shi ne kawai a kan bulo, babu langa-langa ko waya da ta ɗaure shi da jikin gini. Irin wannan rufi ɗungurungum yake tashi, kuma kwanon da iska ta ɗauka yana sare duk abin da ya tarar. Guguwar da ta afka wa garin Bauchi a Yunin 2018, wadda ta lalata ɗimbin gidaje ta kuma yi sanadin rasa rayuka, misali ce ta abin da iskar farkon damina ke iya yi.

A gona kuwa, iskar Mayu da Yuni na kwashe ƙasar sama mai taki, ta yi wa ɗanyen gero bulala da yashi ko ta binne shi, manomi ya koma neman irin sake shuka.

6.2 Ruwa

Milimita 1 ta ruwan sama na nufin lita 1 a kowane murabba'in mita. In aka yi milimita 50 cikin awa guda, rufin gida mai murabba'in mita 100 zai zubar da lita 5,000, wato duro 25 masu cin lita 200. Hekta guda kuwa za ta karɓi lita 500,000. A unguwar da aka cike kududdufai aka yi gini, leda da shara suka toshe lambatu, wannan ruwa ba shi da wurin zuwa sai cikin gidaje. Ginin ƙasa, wanda ke jure iska, shi ne kuma ya fi rauni a nan, domin in ruwa ya kwanta a gindin katanga ko indararo ya toshe, sai ta jiƙe ta zube, sau da yawa cikin dare mutane na barci.

A ranar 1 ga Satumba 2009 an auna milimita 263 a Wagadugu cikin ƙasa da yini guda, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara. A daminar 2024 ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, tsohon masallacin Damagaram mai tarihi ya rushe a Satumban shekarar. A ƙarshen Mayun 2025 ruwan dare ɗaya ya yi sanadin mutuwar fiye da mutum 150 a Mokwa ta Jihar Neja.

6.3 Aradu

A cikin gajimare mai tsawo, ƙanƙara da ɗigon ruwa na gogayya, wutar lantarki ta taru har ta fashe. Walƙiya na dafa iskar da ta ratsa zuwa kusan digiri 30,000, faɗaɗar iskar nan take ita ce ƙarar tsawa. Sauti na cin kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, don haka in tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, aradun na cikin kilomita 10, kuma mutum na cikin hatsari. Waɗanda suka fi fuskantarsa su ne manoma a fili, da makiyaya, da masunta, da yara masu ƙwallo. Fakewa gindin itace tilo a fili na daga cikin manyan sanadin mutuwa. Shanu kuwa garke guda sukan mutu saboda wutar na bin ƙasa, ta shiga ta ƙafafun gaba ta fita ta na baya. Wanda aradu ta buga ba ya riƙe wuta a jikinsa, ana iya taɓa shi nan take, kuma danna ƙirji da hura numfashi na iya ceto shi.

6.4 Sufurin sama

Iskar da ke rikitowa daga gajimare na iya sauya gudu da alƙibla cikin daƙiƙoƙi, jirgin da ke tashi ko sauka ya rasa abin da ke ɗauke da shi. A ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin fasinja da ya nufi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya ji ƙansu. Binciken hukuma ya danganta hatsarin da tashi cikin mummunan yanayi da saɓanin iska.

7.0 Hasashe da Gargaɗi

Yankin ba ya rasa cibiyoyi. A Nijeriya akwai Hukumar Kula da Yanayi, NiMet, wadda ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara da hasashen kwanaki. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, da cibiyar ACMAD mai yi wa nahiyar hidima. Hasashen damina yana da amfani wajen zaɓen iri da lokacin shuka, amma ba ya gaya wa mutum ko hadari zai afka wa garinsa yau da daddare. Hasashen kwamfuta na gobe da jibi shi ma yana da rauni a nan, domin haihuwar hadari ta dogara da ƙananan abubuwa irin iyakar jiƙa da bushewa, tashoshin awo kuma sun yi ƙaranci.

Inda ƙarfin yake shi ne hasashen nan-da-nan, na sa'o'i 1 zuwa 6. Taurarin Meteosat na aiko da hoton Afirka duk bayan minti 15, sabon ƙarninsu da aka fara harbawa a Disamban 2022 yana yi duk bayan minti 10, yana kuma ɗauke da na'urar ganin walƙiya. Da zarar gungun hadari ya haɗu, ana ganin girmansa da sanyin samansa da alƙiblarsa da gudunsa. Shirin African SWIFT, wanda NiMet da ACMAD suka shiga, ya horar da ma'aikata a kan wannan fasaha. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2022 ta sa burin gargaɗin gaggawa ya isa ga kowa a duniya zuwa ƙarshen 2027.

Giɓin da ya rage yana tsakanin allon kwamfutar mai hasashe da kunnen mai gona. Sanarwar da aka rubuta da Ingilishi ko Faransanci aka ɗora a intanet, mai cewa ana sa ran tsawa a wasu sassan Arewa, ba ta sa kowa ya motsa. Wadda za ta yi aiki ita ce mai faɗin sunan gari, da lokaci, da irin hatsarin, da abin da za a yi.

8.0 Shawarwari

Na farko, hukumomin yanayi su kafa teburin hasashen nan-da-nan mai aiki dare da rana daga Afrilu zuwa Oktoba, su kuma haɗa kai da gidajen rediyo domin a riƙa katse shiri a karanta gargaɗi da Hausa, da Fulfulde, da Kanuri, da Zabarmanci.

Na biyu, kamfanonin waya su riƙa aika saƙon murya kyauta ga layukan da ke kan hanyar hadari, a kuma sa masu unguwanni da limamai da shugabannin makiyaya da na kasuwa cikin jerin masu karɓa, domin lasifikar masallaci ta fi kowace kafa saurin isa ga unguwa.

Na uku, Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru su riƙa musayar bayanan awo nan take, tun da hadarin da zai kwana a Katsina ko Maraɗi wataƙila da yamma yana wata ƙasar. A kuma gyara na'urorin rada da tashoshin balan-balan, a ware musu kuɗin kulawa.

Na huɗu, a koya wa magina da kafintoci ɗaure rufi da jikin gini, a sa shi cikin sharuɗɗan ba da izinin gini, a fara da makarantu da asibitoci. Tun ran gini tun ran zane. Masu ginin ƙasa su yi yaɓe su share indararo kafin ruwan fari.

Na biyar, a hana cike kududdufai da gini a kan hanyar ruwa, a yashe magudanu a watan Afrilu.

Na shida, a sa ƙarfen kare aradu a makarantu da hasumiyoyin masallatai da kasuwanni, a kuma koya wa yara ƙa'idar daƙiƙa 30 da jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Na bakwai, a ƙarfafa dashen itatuwan tare iska da rainon waɗanda suka tsiro da kansu a gonaki, kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi da gawo da sauransu a miliyoyin hekta.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa mugun hadarin Sahel yana haɗuwa ne in danshin teku ya kwanta ƙarƙashin busasshiyar iskar Sahara, zafi ya taru, wani abu ya tunzura shi, saɓanin iska kuma ya ba shi tsari da tsawon rai. Ta nuna cewa ɗumamar Sahara na ƙarfafa waɗannan sharuɗɗa, kuma garuruwanmu na faɗaɗa ta hanyar da ke ƙara musu rauni. Ruwa rahama ne, saukar da shi da hana shi duk ikon Allah ne, amma ɗaure rufi da yashe lambatu da sanar da jama'a aikinmu ne, kuma ɗaukar sababi ba ya saɓa wa tawakkali. Hadarin da ake gani a hoton tauraro sa'o'i 3 kafin isowarsa bai kamata ya riski kowa a gindin itace ko a cikin ɗakin da katangarsa ta jiƙe ba. Muna kira ga hukumomin yanayi, da gidajen rediyo, da sarakuna, da jami'o'inmu su zauna tare su tsara hanyar isar da wannan gargaɗi kafin damina mai zuwa ta kama.